Yadda jami'an sintiri a karkara za su yi aiki da jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu

Duk wanda ya taɓa aikin sintiri a kudancin Kano, wajen Doguwa da Tudun Wada inda Dajin Falgore ya shimfiɗu, ko a fadamun Haɗejiya lokacin da ambaliya ta shanye hanyoyin Auyo da Kafin Hausa da Guri, ya san irin ranar da mutum yake ɗaga kai sama yana fatan a ce akwai wanda zai hango masa abin da ke gabansa. Wannan shi ne aikin jirgi mai saukar ungulu. Rundunar 'yan sandan Najeriya tana da sashen jiragen sama wanda ke ƙarƙashin hedikwatarta a Abuja, kuma tana amfani da jirage ƙirar Bell. Sai dai jiragen kaɗan ne, ƙasar kuwa da faɗi: jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44, Jigawa tana da 27. Baturen 'yan sanda na ƙauye zai iya yin shekaru bai samu jirgi ko sau ɗaya ba, saboda haka ranar da aka samu bai kamata a yi asararsa ba.

Abin da na fahimta a tsawon zamana a ofisoshin karkara shi ne, amfanin jirgin a ƙasa ake shirya shi. Matuƙi yana ganin nesa, amma bai san sunan ƙauye ba, bai san wane ne ɗan gari wane ne baƙo ba, bai kuma san ko hanyar da yake gani a sama mota za ta iya binta ba. Waɗannan duka suna hannun kofur ɗin da ke tsaye a bakin burtali da mai unguwar da ke kusa da shi. Ga yadda ya kamata a bi aikin daki-daki.

Mataki na farko: a tabbatar aikin na jirgi ne

Jirgi yana da amfani wajen neman mutanen da aka sace aka shiga da su daji, da bin sawun garken shanun da aka kora, da gano waɗanda ruwa ya ritsa da su a kan tudu, da ɗauko wanda ya ji mummunan rauni a inda mota ba ta isa. Ba shi da wani amfani a rikicin iyakar gona ko faɗan cikin kasuwa, ƙararsa ma tana iya ƙara tunzura jama'a. Kowane tashi kuma da haɗarinsa. A ranar 14 ga Maris, 2012, jirgin 'yan sanda ya faɗi a Jos, inda Mataimakin Sufeto Janar Haruna John da abokan tafiyarsa suka rasu. Wanda zai nemi jirgi ya tuna cewa rayukan abokan aikinsa yake neman a ɗaga sama.

Sannan a yi lissafin lokaci. Tsakanin Abuja da Kano ta sama ya kai kusan kilomita 360, irin wannan jirgi kuwa yana cin kilomita 200 da 'yan kai a awa guda. Ke nan ko da an amince nan take, ana maganar wajen awa biyu a sama, ban da lokacin shiri da shan mai. Idan abin da ake nema zai wuce kafin nan, to a dogara da babura da mafarauta da suka san dajin, kada a zauna jiran jirgi sawu yana gogewa.

Mataki na biyu: a tura buƙata cikakkiya tun karon farko

Buƙata tana bin tsanin aiki ne, daga baturen 'yan sanda zuwa kwamandan yanki, zuwa kwamishina a Bompai ta Kano ko Dutse ta Jigawa, daga nan zuwa hedikwata. A kowane mataki za a yi tambaya, kuma duk tambayar da aka dawo da ita ƙasa minti goma ne ko ashirin suka tafi. Saboda haka a rubuta komai kafin a ɗaga waya: abin da ya faru da lokacin da ya faru, yawan waɗanda ake nema da irin suturarsu, ko a ƙafa suke ko a kan babura, irin makaman da aka gani da ido, inda aka yi musu ganin ƙarshe da wajen da suka nufa. Batun makamai kada a rage shi kada a ƙara masa gishiri, domin da shi matuƙi zai yanke shawarar nisan da zai tsaya daga ƙasa. A ƙarshe a faɗi abu ɗaya tak da ake so jirgin ya yi. Jumlar “a zo a taimaka mana” ba ta gaya wa kowa komai. Amma idan aka ce a duba bakin rafi daga gada zuwa gindin dutse a gano inda garken ya tsallaka, an ba matuƙi aikin da zai iya yi.

A haɗa da bayanin yanayi kamar yadda yake a wurin, domin hazon hunturu yana iya rufe Maigatari alhali sama tas take a Abuja. A ce ana hango ƙarfen sabis na garin gaba ko ba a hango shi, wannan ya fi a ce “akwai ɗan hazo”. Da damina kuma a kalli gabas, tunda daga can hadari yake tasowa, a faɗa idan ya haɗu.

Mataki na uku: a ba da wuri da lamba

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe a kai. Sunayen garuruwanmu suna maimaita kansu. Tudun Wada nawa ce a ƙasar Hausa, Sabon Gari nawa ne, Unguwar Rimi nawa ce? Wasu rugage da ƙauyuka ma babu su a taswira sam, wasu kuma sunan da ke takarda dabam, wanda mutanen wurin suke kira dabam. Matuƙi da lambobin wuri yake aiki, kuma kowace wayar zamani tana iya ba da su. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wayar tana karɓar waɗannan lambobi daga tauraron ɗan'adam kai tsaye, don haka ko babu sabis za ta nuna su muddin ana fili. Tura su ta WhatsApp ne yake buƙatar intanet. Idan babu, sai a karanta su ta oba-oba ko a kwafe a takarda a hau tudu a kira.

Lambobin biyu ne, na arewa da na gabas, kuma na arewa ake fara faɗa. A Kano da Jigawa na farkon yakan faɗo tsakanin 10 da 13, na biyun tsakanin 7 da 11. Duk wanda ya ga lambar da ta fita daga wannan, to an yi kuskure wajen kwafa. Akwai kuma tarkon da ya fi wannan haɗari: ana rubuta lambobin ta hanya biyu, ko dai digiri da ɗigo, ko digiri da mintoci. Idan wayarka ta nuna 11.30 kai kuma ka karanta “digiri 11, minti 30”, ka tura jirgin wani wuri da ya kai nisan kilomita 22 daga inda kake, domin minti 30 rabin digiri ne, digiri ɗaya kuwa wajen kilomita 111 ne. Maganin wannan shi ne a karanta lamba ɗai-ɗai, a ambaci ɗigo a inda yake, a ba da aƙalla lambobi huɗu bayan ɗigon, sannan a sa mai karɓa ya maimaita. Ina ba da shawara kowane ofishi ya koya wa 'yan sandansa da shugabannin 'yan sa-kai wannan tun ana zaune lafiya, a gwada a harabar ofis har hannu ya faɗa, domin ranar tashin hankali ba ranar koyon latsa waya ba ce.

Bayan lamba sai a ƙara da shaidar da ake gani daga sama: rufin makarantar firamare, tankin ruwa, gada, layin dogo, madatsar ruwa kamar Tiga ko Challawa. Bishiyar kuka da kowa a gari yake kwatance da ita, daga sama ɗigo ce cikin ɗigogi. A kuma kula da kalmar gabas. Gabas ɗin da muke fuskanta a salla ta karkata zuwa arewa sosai idan aka gwada da gabas ta taswira, saboda haka a duba kamfas ɗin waya kafin a faɗi kusurwa.

Mataki na huɗu: a tanadi hanyar magana da murya ɗaya

Rediyon da matuƙa suke magana da filin jirgi ba zangonsa ɗaya da oba-obar sintiri ba. Kada a ɗauka cewa da jirgi ya iso za a ji juna. Tun a wajen buƙata a tambayi tashar da za a haɗu, a karɓi lambar wayar jami'in da zai zauna a cikin jirgin a matsayin mai lura, a kuma amince da abin da za a yi idan duka biyun suka yanke. Mutum ɗaya ne zai riƙa magana da jirgin, kuma ba dole ya zama mafi girman muƙami ba. A zaɓi mai natsuwa, mai Turanci a fili, wanda ya san ƙasar. Sauran duk su bi ta kansa.

Da zarar an hango jirgin, hanyar da ta fi sauƙi wajen nuna masa wuri ita ce ta agogo. A ɗauka hancin jirgin ƙarfe 12 ne, damarsa ƙarfe 3, wutsiyarsa ƙarfe 6, hagunsa ƙarfe 9. Sai mai magana ya ce, “Yallaɓai, muna ƙarfe 3 ɗinka, kamar kilomita ɗaya, kusa da farar mota.” Dama da hagu na matuƙi ake nufi, ba na wanda ke ƙasa ba. Da rana madubi ko gilashin waya da aka haska da rana yana kiran ido daga nesa sosai, amma da an ce an gan ku sai a daina.

Mataki na biyar: a bambance namu da waɗanda ake nema

Wannan ne matakin da ya fi kowane nauyi a wuyan wanda ke ƙasa. Daga sama, ɗan sa-kai mai bindigar toka a kan babur ba shi da bambanci da ɓarawon shanu a kan babur. Makiyayin da ke gudu da garkensa saboda ƙarar jirgi ta firgita dabbobin, kamanninsa ɗaya da wanda ya sato su. Ba mu manta da Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna ba, inda a daren 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja maras matuƙi ya kai hari kan masu taron Maulidi, fiye da mutum 80 suka rasu. Jirgin 'yan sanda aikinsa dabam ne, amma tushen kuskuren ɗaya ne: a ga taro daga sama a yi masa fassarar da ba tasa ba, sannan jami'an ƙasa su afka wa wurin da zuciyar cewa an riga an tabbatar musu.

Don haka kafin jirgi ya iso a zauna da dagaci ko bulama da arɗon Fulani na yankin. A tambaye su cikin girmamawa, “Ranka ya daɗe, yau akwai biki ko suna ko jana'iza a wani ƙauye? Akwai masu farauta a daji? Garken wa ke kiwo a gefen rafi?” Duk amsar a isar da ita ga jirgin, tare da ranar kasuwa idan ta faɗo, domin ayarin babura a hanyar Maigatari ranar Alhamis ba abin mamaki ba ne. A ƙirga rukunonin mutanenmu da suka shiga daji a faɗi yawansu da inda kowane yake. A ba su shaida mai launi da za su ɗaura a kafaɗa ko a kan babur, a kuma sauya launin kowane aiki don kada a kwaikwaya. Idan mai lura ya ce ya ga mutane a wuri kaza, wannan labari ne da za a je a bincika, hukuncin ko su wane ne yana hannun wanda ya isa wurin ya gani da idonsa.

Idan jirgin yana ɗauke da kyamarar da ke gane zafin jiki, a san iyakarta. Ta fi aiki da dare da asuba lokacin da ƙasa ta huce. Da tsakar ranar bazara, dutse da yashi sun fi jikin mutum zafi, sai hoton ya cakuɗe. Ba ta ratsa rufin ɗaki ko duhuwar ganye, ba ta kuma nuna fuska.

Mataki na shida: filin sauka

Ba kowane aiki ne yake buƙatar sauka ba, amma a tanadi fili ko da ba za a yi amfani da shi ba. Mafi ƙarancin faɗinsa da rana shi ne mita 30 tsawo, 30 faɗi, wato wajen taku 40 na babban mutum ta kowane gefe, da dare kuma a ninka. Ya zama shimfiɗaɗɗe, ƙasarsa mai tauri. Fako ya fi, ko filin ƙwallon makaranta mai ɗan ciyawa. Ƙasa mai yashi da laushi da gonar da aka yi wa huɗa da fadamar da ke riƙe da danshi duk a guje su.

Babban abokin gaba a ƙasarmu shi ne ƙura. Iskar farfela tana tayar da ita ta lulluɓe jirgin daidai lokacin da matuƙi yake buƙatar ganin ƙasa. Haka ya faru a Kabba ta jihar Kogi ranar 2 ga Fabrairu, 2019, inda jirgin da ya ɗauko Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya kife wajen sauka bayan ƙura ta rufe wa matuƙa ido, Allah ya kiyaye babu wanda ya rasu. Idan akwai ruwa a kusa, a sa 'yan garuwa su yayyafa wa filin, a jiƙa shi ba tare da an mai da shi taɓo ba, kuma a yi haka dab da isowar jirgin domin rana ba ta barin danshi ya daɗe.

Na taɓa ganin an zaɓi masussuka da kaka saboda ita ce fili mafi santsi a ƙauyen. Jirgin yana sunkuyowa sai ƙaiƙayin gero ya tashi kamar guguwa ya turnuƙe sama, tabarmar da aka shanya kuɓewa ta nannaɗe ta yi sama, wani fallen kwano da aka jingine a jikin rumbu ya taso ya wuce ta gefen kan wani saje. Matuƙin ya fasa sauka ya ɗaga, aka ɓata kusan rabin awa ana neman wani wuri alhali mai rauni yana kwance a inuwa. Tun daga ranar, duk filin da zan ba da sai na taka shi da ƙafata kusurwa zuwa kusurwa, ina tsince leda da buhu da langa-langa da igiyar shanya.

A duba sama kamar yadda aka duba ƙasa. Wayar lantarki ba ta ganuwa daga jirgi sai an zo kanta, saboda haka a gaya wa matuƙi inda turaku suke da wajen da wayar ta bi, haka ma ƙarfen sabis da dogayen giginyu da darbejiya. Jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska, don haka a faɗa masa daga inda take busowa: da hunturu yawanci daga arewa maso gabas, da damina daga kudu maso yamma. Tuta ko ƙyalle da aka ɗaure tam a kan sanda a wajen filin yana nuna masa wannan. Kada a hura wuta kusa da filin don a yi hayaƙi, iskar farfela za ta watsa garwashi cikin karan dawa da jinka. Da dare a ajiye motoci biyu a gefen da jirgin zai shigo, fitilunsu na ƙasa su haɗu a tsakiyar filin, kuma kada kowa ya haska tocila sama, domin haske ɗaya a idon matuƙi yana ɗauke masa gani.

Jama'a za su taru, wannan babu makawa, yara ma a guje za su zo. A sa mai unguwa da 'yan sa-kai su tsayar da kowa aƙalla taku 100 daga filin, a kore awaki da jakuna, a ɗaure shanun huɗa nesa.

Mataki na bakwai: kusantar jirgi

Babu mai matsawa sai matuƙi ko ma'aikacin jirgin ya yi alama da hannu. Ana zuwa ne ta gaba ko ta gefe inda matuƙi yake ganin mutum, a ɗan sunkuye. Bayan jirgi haramtaccen wuri ne, domin ƙaramar farfelar wutsiya tana juyawa da saurin da ido ba ya ganinta. Idan filin yana da ɗan gangare, a zo ta ɓangaren ƙasa, tunda ta ɓangaren tudu babbar farfela ta fi kusa da kai. A cire hula a riƙe a hannu, a tattare babbar riga da rawani da mayafi, abin da iska ta ɗauke kuma kada a bi shi. Bindiga da eriyar rediyo da duk wani dogon abu a riƙe su a kwance, a cire harsashi daga bindiga kafin a hau. Mai rauni a ɗaure bargonsa a jikinsa, a rufe masa ido daga ƙura, a rubuta sunansa da lokacin da ya ji raunin da abin da aka yi masa a takarda a sa a aljihunsa. Ƙofar jirgi ma'aikatansa ne suke buɗewa su rufe. Da bazara iska mai zafi tana rage ƙarfin ɗaukar jirgi, saboda haka idan matuƙi ya ce mutum biyu kawai zai ɗauka, ko Yallaɓai ne na ukun sai ya haƙura.

Bayan jirgin ya tafi

Mai yana ƙarewa, jirgin zai juya zuwa filin Malam Aminu Kano ko inda aka tanadar masa, sau da yawa tun aikin bai kammala ba. Tun kafin ya juya a tambayi mai lura lambobin wurin ƙarshe da ya ga abin da ake nema, da wajen da suka dosa, da hanyar da ya ga ta fi dacewa a bi, a rubuta. A daren ranar kuma a buɗe shafi a littafin ofis a shigar da filin da aka yi amfani da shi: lambobinsa, faɗinsa, irin ƙasarsa da rani da damina, inda wayoyin lantarki suke, rijiyar da ta fi kusa, da sunan mai unguwar da za a kira. A ƙara da wasu filaye biyu ko uku a kowace gunduma, a je a taka su a auna, a aika kwafi zuwa ofishin kwamandan yanki, a kuma sake duba su bayan kowace damina, domin filin da yake fako bana, baɗi ana iya tarar da an shuka riɗi a cikinsa ko an kafa turken wuta a tsakiyarsa.